Haƙƙin Kurma a Halƙar Zikiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, akwai wani dattijo a zawiyarmu, Baba muke ce masa, ya fi shekara 30 yana zama a sahun gaba wajen wazifa. Da jinsa ya fara raguwa, sai ya riƙa rigan jama'a a hailala, wani lokaci kuma ya yi baya. Yara suna dariya a ɓoye, ni ma na taɓa yin murmushi, Allah Ya yafe mini. Da na dawo hutu daga jami'a a Yamai, na tarar ya daina zuwa. Na tambaya, aka ce: "Ƙaddara ce, sai haƙuri." Tun ranar nake tambayar kaina: haƙurin nan nasa ne, ko mu ne muka fake da shi don kada mu yi komai?

Shehunanmu sun koya mana cewa jin da ake nema a zikiri shi ne jin zuciya, kuma sau da yawa mai lafiyar kunne yana zaune a halƙa alhali zuciyarsa tana kasuwa. Gaskiya ne. Amma wannan magana lallashi ce ga wanda aka jarraba. In mai lafiya ya mayar da ita hujjar sakaci da ɗan'uwansa, ya zalunci maganar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna mutum fiye da biliyan 1.5 suna da raunin ji, miliyan 430 daga cikinsu suna buƙatar kulawa. Hukumar ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara daga abubuwan da ake iya karewa take zuwa: sanƙarau, ƙyanda, ciwon kunne mai zubar da ruwa da aka bari ba magani, da wasu allurai irin su jantamisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Nijar tana cikin yankin sanƙarau, shi ya sa tana cikin ƙasashen farko da suka karɓi rigakafin MenAfriVac a 2010. Wanda ya kai ɗansa rigakafi ya riƙi sababi, kuma riƙon sababi bai taɓa rushe tawakkali ba.

A can cikin kunne akwai wani wuri mai siffar dodon-koɗi, ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In suka mutu, ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. A 1988 masu bincike suka nuna cewa na tsuntsaye suna sake tsirowa, kuma har yau ana neman sirrin. A 2024 an ba da rahoton wasu yara a ƙasar Sin da aka haifa da wani nau'in kurumta na gado, suka fara ji bayan an yi musu maganin gyaran ƙwayar gado. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanar da mutum. Sai dai wannan magani yana da nisa da talakan Maraɗi ko Tawa. Abin da ke hannunmu shi ne lasifika. Ƙara mai ƙarfi tana kashe waɗannan ƙwayoyin a hankali. Duk wurin da sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai ga cutarwa. Daren Mauludi nawa muka zaunar da yara gindin lasifika, suka koma gida kunnensu yana amsa kuwwa? Son Annabi (SAW) ba ya ƙaruwa da ƙarar na'ura, kuma kunnen yaro amana ce.

Ku tuna Hatimul Asammu, waliyyin Balkh. An ruwaito cewa wata mata ta zo yi masa tambaya, sai iska ta kuɓuce mata, kunya ta kama ta. Sai ya nuna kamar ba ya ji sosai, ya nemi ta ɗaga murya, hankalinta ya kwanta. Daga nan laƙabin "kurma" ya bi shi. Shi ya ari kurumta don ya rufa asirin baiwar Allah, mu kuwa kurma na gaskiya muka kunyata har ya bar halƙa.

Haƙurin jarrabawa na Baba ne, ladarsa tana wurin Ubangijinsa. Namu rabon hidima ce. Mu fuskanci mai raunin ji in muna magana, don ya ga bakinmu. Mu rage lasifika. Matasanmu su koyi maganar hannu, domin harshe ne cikakke, kurame suna da haƙƙin sanin alwala da salla da shi. Zawiya ta haɗa kuɗi a kai mabuƙaci wurin likitan kunne, a saya masa na'urar ji in ta dace da shi.

Mun je gidan Baba, mun roƙe shi gafara. Yanzu yana zama gefen muƙaddami, wani ɗan'uwa yana taɓa gwiwarsa duk lokacin da za a wuce daga istigfari zuwa salati, daga salati zuwa hailala. Har yanzu yakan riga mu wani lokaci, ba mai dariya.

Allah Ya buɗe jin zukatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, albarkar Annabi (SAW). Amin.