Hannun da Za Ka Ɗaga, Domin Wa?

Ɗan'uwana, da za a tara mutanen unguwarku a filin makarantar firamare, a ce ga kuɗin da hukuma ta ware domin ayyukan bana, ku faɗi abin da za a yi da su, wane aiki za ka ɗaga wa hannu?

Kada ka ɗauka tatsuniya ce. A shekarar 1989 birnin Porto Alegre da ke kudancin Birazil ya soma yin haka, a zamanin magajin gari Olívio Dutra. Aka raba birnin shiyya goma sha shida. Kowace shekara mazauna kowace shiyya sukan taru su jera bukatunsu, ko ruwan famfo, ko magudanar ruwa, ko kwalta, ko gidaje, sa'an nan su zaɓi wakilan da za su bi maganar har ta shiga kasafin kuɗi. Daga nan al'adar ta bazu, har Faris babban birnin Faransa ya ɗauke ta a 2014.

Dalilin yin haka ba ya bukatar dogon bayani, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da take ɗauke da tulu tun da asuba ta fi injiniya sanin inda ya kamata a haƙa rijiyar burtsatse. Kuɗin kuma harajin jama'a ne, ba kyautar mai mulki ba. Aikin da mutane suka zaɓa da bakinsu, da wuya ɗan kwangila ya yi rabinsa ya gudu ba a tambaye shi ba.

Amma ga inda nake so ka dakata. Mun saba cewa matsalarmu shugabanni ce, kamar dai son kai ciwo ne da kujera kaɗai take sa wa mutum. Ranar da aka miƙa maka ƙuri'a a kan kuɗin jama'a, ka zama ƙaramin shugaba, jarabar da ta sami babban kuwa za ta same ka. A ce ayyuka biyu ne a gabanku, kuɗin ba su isa duka ba. Ɗaya kwalta ce a titin da ya bi ta ƙofar gidanka. Ɗayan kwalbati ne a unguwar bayan rafi, inda ruwa yake shiga ɗakuna kowace damina, mutanen wurin kaɗan ne, baƙi ne, wataƙila ma ba addininku ɗaya ba. In kowa ya zaɓi ƙofar gidansa, lissafi ya riga ya yanke hukunci: masu yawa za su ci kowace shekara, bisa ƙa'ida, ba wanda ya saci ko kwabo. Wannan irin zalunci ya fi wuyar ganewa, domin ba mutum guda da za a nuna da yatsa. Ka tuna, ɗan maraƙin zinariya na Fitowa 32 ma da gudummawar jama'a aka ƙera shi, bisa ga bukatarsu.

Mutanen Porto Alegre ba su bar kome a hannun ƙidayar hannuwa ba. Wajen raba kuɗin sukan auna abin da shiyya ta zaɓa, da yawan mutanenta, da kuma girman rashinta, har shiyyar da ta fi rashin magudana ta fi samun kaso a wannan fanni. A ganina nan hikimar tsarin take, ko da yake an fi yabonsa saboda tarurrukan. Sai dai ƙa'ida tana kāre waɗanda aka ƙidaya ne kawai. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa taro, da lebura da ba ya iya rasa aikin yini guda, bukatarsu ba za ta hau takarda ba sai wani da ya halarta ya ambace ta.

Ikkilisiyar farko ta taɓa tsayawa a daidai wannan wuri. A Ayyukan Manzanni 6, masu bi da suke jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma naɗa 'yan'uwansu na jini a kan aikin ba. Suka tara jama'a suka bar musu zaɓen mutum bakwai. Ka koma ka karanta sunayen a hankali, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne. Dukansu sunayen Helenanci ne. Masana da yawa suna ganin taron ya danƙa rabon ne a hannun ɓangaren da ya yi kuka, alhali kuwa kowa yana da gwauruwa a nasa dangin da zai so a fara zuba wa. Luka bai sāke ambaton wannan gunaguni ba har ƙarshen littafin.