Maƙala a Kan Ɗumama Ruwa da Zafin Rana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya kunna fitilar rana ba da mai ba, Ya hore ta ga mai ɗa'a da mai saɓo. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya ɗan'uwa, a Ostireliya da jihohin Fulorida da Kalifoniya na Amurka, masu hali sukan gina tafkin ninƙaya a gidajensu, kuma jiki ya fi sakewa a cikinsa idan ɗuminsa ya kai digiri 26 zuwa 28. Shi kuwa ruwa Allah Ya halicce shi da nauyin jiki wajen ɗaukar zafi. Tafki mai cin lita 50,000, kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri ɗaya tak, sai ya sha zafin da dutsen guga 58 za su bayar, kowanne mai wat 1,000, a kunne awa guda cur. Mai biyan wannan da gas ko lantarki aljihunsa ya san labari. Alhali da tsakar rana, idan sama ta yi garau, kowace murabba'in mita ta rufin ɗakinsa tana karɓar kusan wat 1,000, ba da ko kwabo ba.

Dabarar da suka yi ba ta da wuya. Suna shimfiɗa faifayen baƙar roba a kan rufi, cike da siraran bututu, domin baƙin abu shi ya fi shan zafi, kamar yadda duk wanda ya taɓa taka kwalta da azahar ya sani. Injin da dama yake zagaya da ruwan don tace shi, shi ne ke tura shi sama, ya ratsa bututun, ya komo tafki da ɗan ɗumi. Akwai na'urar da ke gwada zafin rufi da na tafki. In rufi ya fi sanyi sai ta tare hanya, don kada ruwa ya hau da dare ya zubar da abin da ya tara da rana. Faɗin faifayen yakan kama daga rabin fuskar tafkin zuwa kwatankwacinta duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar da zafin ke bi ya gudu. Galibinsa ta fuskar ruwa yake fita, yayin da iska ke kwashe ruwan ya zama tururi. Wannan sirrin iyayenmu mata sun daɗe da saninsa, don da shi randa take sanyaya ruwa: tana tsattsafo, iska na busarwa, zafi na bin danshin. Abin da yake rahama a randa, a tafki hasara ne. Saboda haka masana wannan sana'a suke cewa a fara sayen mayafin rufe tafkin da dare kafin a sayi faifai ko ɗaya. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya sunna guda tana aiki a gindin randar tsohuwa da tafkin attajiri.

Ɗalibin fiƙihu zai ce: ina hukuncin ruwan da rana ta ɗumama, wanda malamai ke kira mushammas? Shafi'awa sun karhanta amfani da shi a jiki, amma da sharuɗɗa: ya kasance a ƙasa mai zafi, cikin mazubin ƙarfe ko tagulla, kuma yana da sauran zafinsa. Dalilinsu tsoron albaras ne. Imam Nawawi, wanda shi ma Bashafi'e ne, ya raunana hadisin da aka dogara da shi, ya zaɓi cewa babu karhanci. Masu sharhin Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin da muke karantawa a zaurukanmu, su ma sun yi saɓani a kai. Sai dai ba su karhanta ruwan kududdufai da koguna ba, ko da rana ta wuni tana dukansa. A fahimtata, ruwan da ya bi ta roba ya koma tafki bai shiga cikin saɓanin ba, tunda sharaɗin ƙarfe ya faɗi. Allah ne Mafi sani.

Mu kam tafkin ninƙaya ba shi ne damuwarmu ba, sai dai a manyan otal-otal. Damuwarmu asubar hunturu ce, lokacin da alwala ke yanka fata kamar aska, da mai jego da ake ƙona mata itace kwana 40 don ruwan wanka, da ɗakin haihuwa na asibitin ƙauye. Wani ɗanmu ya hango wannan tun da wuri. Farfesa Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, daga 1969, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da rana a Yamai. Ya rasu a 1991, Allah Ya jiƙansa, kuma jami'ar Yamai sunansa take amsawa. Irin na'urar tasu ba ta buƙatar inji ma, domin ruwa in ya yi ɗumi yakan yi sauƙi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Tankin a lulluɓe yake da abin da ke tsare zafi, har ruwan la'asar ya kai asuba da ɗuminsa.

Ina takaicin ganin rufin masallatanmu da makarantun kwana yana toyuwa a banza tun hantsi, sannan da asuba yara su yi layi a bakin tukunya, hayaƙi na cin idanunsu, ana tura itacen da aka saro daga dajin da ya riga ya yi sanƙo.