Shayin Rage Ƙiba Ba Kayan Cikon Kwantena Ba Ne

Duk wanda ya taɓa sarin tufafin mata a Guangzhou ya san Shisanhang. Tun da sanyin safiya ake cika maƙil a ginin New China da shagunan da ke kewaye da shi, 'yan dako suna ta jan kura cike da diloli, kafin la'asar kuwa yawancin shaguna sun ja ƙofa. Tsohuwar matattarar ciniki ce. Daga 1757 zuwa 1842, a nan kaɗai aka yarje wa Turawan da ke zuwa ta teku su yi saye da sayarwa da mutanen Sin, suna ɗaukar ganyen shayi da siliki da tangaran. Yau 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Sakkwato suna cikin masu ɗauka, kuma Allah ya sa wa neman albarka. Ban da ta cewa a kan riga da abaya. Maganata a kan abin da ake cusawa a gefen dila bayan an gama sari ce: shayin rage ƙiba, kofin narkar da teɓa, kafso mai launi biyu, kwanan nan har da allura.

Yadda abin yake faruwa ba ɓoyayye ba ne. An gama zagaye, ƙafa ta gaji, sai ejan ko tafinta ya miƙo waya ya nuna hoto. "Hajiya, ki ƙara katan biyu mana. Ba shi da nauyi, kuma ribarsa ta fi ta riga." A yi oda ta WeChat, a kai kayan sito a Xiaobei ko Sanyuanli, su bi dilolin tufafi zuwa gida. Bayan 'yan makonni sai ga su a WhatsApp, hoton wata mata kafin ta sha da bayan ta sha, da rubutu a ƙasa: na ganye ne zalla, ba shi da illa, har mai ciwon suga zai iya sha. Wasu ma sukan ƙara da cewa yana maganin sugan gaba ɗaya. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tana iya kai mutum kushewa.

Ɗauki kwalin ka duba da kyau. Kore ne, da hoton ganye da siririn ƙugu. A baya an jera sunayen tsirrai da Turanci mai tuntuɓe, sauran kuma rubutun Sinanci ne da mai sayarwa ba ta iya karanta harafi ɗaya a ciki. Babu adireshin masana'anta da za a iya bi, babu lambar NAFDAC, ko kuma akwai wata lamba da ba wanda ya tantance. Ko da lambar ta gaskiya ce, rajistar da NAFDAC take yi wa yawancin magungunan gargajiya ba shaida ce cewa suna warkar da abin da aka rubuta a jikinsu ba. Abin da ke cikin ƙullin kuwa, sai ɗakin gwaji.

Ɗakunan gwaji sun sha faɗa mana. Abin da aka fi kamawa a irin wannan kaya shi ne sibutramine, ƙwayar kashe sha'awar abinci da a da likitoci ke rubutawa da sunan Reductil. An gwada ta a kan mutum kusan 10,000 masu shekara 55 zuwa sama, waɗanda ke da ciwon zuciya ko ciwon suga ko duka biyun, sai aka ga haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari. A 2010 Turai ta dakatar da ita, Amurka ta janye ta, ƙasar Sin ma ta hana yin ta da sayar da ita a watan Oktoba na shekarar. A lura da wannan: hukumar ƙasar da ake sayo kayan ta haramta shi, kotunanta suna ɗaure masu zuba shi a shayi da alewa. Abin da ake gudun sayarwa a fili a can, shi muke biyan kuɗin jirgi mu kawo wa iyayenmu mata.

Ga mai ciwon suga, ɓarnar ta fuska biyu ce. Ƙwayar tana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, ga shi da ma yawancin masu suga suna fama da hawan jinin. Sannan tana toshe cin abinci. Mace ta sha glibenclamide ko gliclazide da safe, ko ta yi allurar insulin, sai shayin ya hana ta jin yunwa, ta wuni ba ta ci komai ba tana murna. Maganin sugan kuwa bai san ta daina ci ba, yana nan yana aikinsa. Sai gumi mai sanyi, rawar jiki, jiri, magana ta fara harɗewa, ta faɗi. A gidaje da yawa za a ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, alhali cokali uku na sukari a rabin kofin ruwa take bukata, in har tana iya haɗiya, sannan asibiti. In ta riga ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a garzaya da ita kawai.

Waɗanda babu sibutramine a cikinsu, yawanci maganin sa zawo ne ko na sa fitsari. Sikeli zai nuna kilo biyu sun tafi cikin mako, amma ruwan jiki ne ya zube, kitse yana nan daram. Ƙodar mai ciwon suga da ma a wahale take. In jiki ya bushe ana kan shan metformin, ƙodar na iya tsayawa farat ɗaya, jini ya yi tsami. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano ya san abin da ake kashewa a kowane zama, ya san kuma gonaki da filaye nawa ake sayarwa.

Masu cewa ai ganye ba ya cutarwa su ji wannan. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta ƙasar Beljiyam ya ba mata haɗin da ke ɗauke da saiwar da aka sayo daga Sin. An yi musayar saiwa, aka sa Aristolochia fangchi a madadin wata mai kama da ita. Mata fiye da 100 suka sami ciwon ƙoda, da yawa suka ƙare a wanki ko dashe, wasu suka kamu da sankarar mafitsara da hanyar fitsari. A 2002 kuma ƙwayar Slim 10, wadda wani kamfani a lardin Guangdong, inda Guangzhou take, ya haɗa, ta lalata hantar 'yar wasan talabijin ta Singafo, Andrea De Cruz, sai da saurayinta Pierre Png ya ba ta wani yanki na tasa hantar. Wata mata kuma ta rasu a can a shekarar. Tafiyar ƙafa kaɗan daga Shisanhang akwai kasuwar Qingping, inda ake sayar da busassun saiwoyi da ganyaye buhu-buhu, kuma sana'a ce mai tarihi da masananta. Amma mai sarin abaya da ya shiga can da tafinta ba zai bambance saiwa da saiwa ba, tunda ƙwararru a Turai ma sun kasa.

Akwai yaudarar da ta fi duk waɗannan ɓata min rai. Wasu masu sayarwa sukan ce wa mai ciwo ta ajiye maganin asibiti tukuna, wai kada ya hana shayin aiki. Ta ajiye. Cikin wata guda sai ta zabge, zane ya yi mata yawa, maƙwabta su fara tambayar sirrin. Ba shayin ba ne. Suga ne ya hau har ya fi ƙarfin ƙoda, yana tsiyayewa ta fitsari, jiki kuma ya koma cin naman kansa don ya rayu. Wannan ramar, tare da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ita ce alamar da likita ke gane ciwon ya yi tsanani. Hoton wannan baiwar Allah shi za a ɗora a waya a matsayin shaida, a jawo wasu goma.

Sai allura. Semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic, magani ne na gaske, tana sauke suga tana rage ƙiba, kuma likita na iya rubuta ta ga wanda ta dace da shi. To amma a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a cikin kwantenar da za ta yi makonni tana gasuwa a teku da tashar Legas ba. Ga kuma jabu. A Oktoba 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta jabu, aka gano insulin ce a ciki. A Yuni 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka. In ƙasashe masu tsauraran hukumomi jabu ya ratsa su, ina ga allurar da ta zo a tsakiyar dilar gyale?

Kada a fahimce ni a baibai. Rage ƙiba yana cikin manyan magungunan ciwon suga irin na manya. Mai kilo 90 in ya sauke 5 zuwa 9 cikin wata shida, zai ga canji a awon sugansa da na hawan jini. A Birtaniya, binciken DiRECT da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta ya nuna a 2017 cewa kusan rabin waɗanda aka ɗora a kan tsattsauran tsarin abinci sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Sai dai ma'aikatan lafiya ne suka tsara, su suka janye magunguna, suna bibiya, kuma ba a sa masu allurar insulin ba. A ƙasar Sin ɗin ma, a garin Daqing, tun 1986 aka bi mutum 577 da ke bakin kamuwa da ciwon, aka ga gyaran abinci da motsa jiki kaɗai sun jinkirta shi da kusan shekara 4, bayan an bi su shekara 30. Ba shayi, ba kafso.

Saboda haka matakin farko ɗakin likita ne, tun kafin a rage loma ɗaya, don a daidaita magani da sabon cin. Sauran sananne ne, wahalarsa kawai juriya. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko zogale ko kuɓewa ta yi yawa, wake ya shigo. Lemon kwalba, da zoɓo da kunu da furar da aka sheƙa wa sukari, da shayin safe mai madarar gwangwani da rabin burodi, a nan yawancin kilo suke ɓuya. Tafiyar rabin awa kwana biyar a mako, da takalmin da ba ya cin ƙafa, a kuma riƙa duba tafin ƙafar da dare. Rabin kilo a mako ya isa. A mallaki na'urar awo a gida. In ta nuna ƙasa da 70, suga ya faɗi, a sha abu mai zaƙi nan take. Wanda ya riga ya sha irin wancan shayi kuma ya daina, ya ɗauki kwalin ya kai wa likita, a auna masa ƙoda da hanta da hawan jini, ya faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sha.

Ke kuma Hajiya, kai kuma Alhaji, da kuke da katan-katan a ɗaki ko a shago, cewa ba ku sani ba ta ƙare daga yau. In riga ta yi wa mai saye kaɗan, za ta dawo da ita a canza. Ƙoda ba a canza ta a kasuwar Kwari. Haƙƙin rai ne, kuma ribar katan biyu ba za ta biya shi ba a gaban Allah. A sauke tallar daga waya, a miƙa ragowar kayan ga ofishin NAFDAC mafi kusa, kada a karyar da farashi a tura wa wata ta ci gaba da rabawa. Sannan a bi waɗanda suka riga suka saya ɗaya bayan ɗaya, a fara da masu suga da masu hawan jini, a ce musu su dakata su je awo. Lambobinsu suna nan cikin wayoyinku, tunda ta nan kuka karɓi kuɗinsu.