Sandar eriya, wayar lantarki da batun tawakkali

A watan Mayun 2000, sandar eriyar wata motar talabijin ta taɓa wayar lantarki a Hollywood, a ƙasar Amurka. 'Yar jarida Adrienne Alpert, wadda ke cikin motar, ta rayu, amma sai da aka yanke wani sashe na hannunta da ƙafarta.

Yanzu kamfanin Will-Burt yana ƙera na'urar D-TEC, wadda ake ɗaurawa a ƙololuwar irin wannan sandar. Da ta ji alamar wuta a kusa, sai ta yi ƙara, ta tsayar da ɗaga sandar.

Shin amfani da irin wannan na'ura gudun ƙaddara ne? Malamai sun daɗe da cewa riƙon sababi yana cikin tawakkali. Matsalar tana ga ma'aikacin da ya saki jiki da na'urar har ya daina ɗaga kai ya duba sama, alhali na'ura takan lalace.