Abin da Leda Ta Rufe

Ɗan'uwa mai karatu, ka san Saviem, motar haya ƙirar Faransa? A ce an kawo maka tsohuwa ka gyara kujerunta. Ka ɗaga tsumma, sai ka tarar katako ya ruɓe. Mai mota ya ce: "Babu kuɗin katako, rufe da sabuwar leda."

In ka ƙi, wani zai yi, ga rumbunka babu hatsi. In ka yarda, benci yana iya karyewa tsakanin Sukukutane da Dogon Dutsi, wataƙila da mai ciki a kansa.

Za ka ce sa ka aka yi. Haka ne, amma ni ban wanke ka ba. Fasinja leda kawai zai gani, ya biya, ya zauna. Kai ka ga katakon.