Arahar Bindiga Da Tsadar Rai

 

A ƙasar Daura a da, idan aka ce 'yan bindiga, abin da kan zo wa mutum a zuci shi ne mutanen fada masu ɗura albarushi su harba sama ranar hawan Salla ko na Gani, mata na guɗa, yara na toshe kunne suna dariya. Yau kuwa da zarar an ambaci wannan kalma sai gaban mai sauraro ya faɗi. Ran 1 ga watan Mayu 2019 waɗansu mutane ɗauke da makamai suka sace Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, ba a kuɓutar da shi ba sai bayan wata biyu, a Kano. Cikin 2021 kuma Gwamnan Jihar Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya fito fili ya ce wa jama'a su nemi makamai su kare kansu. To, a irin wannan hali dole tambaya ta taso: shin ya dace magidanci ya sayi 'yar ƙaramar bindiga ta aljihu ya ajiye a ɗaka, tun da an ce tana da araha, kuma ba wani ƙarfi ne da ita can ba?

Kafin hukunci ya kamata a san abin da ake magana a kansa. Bindigar nan ita ce ƙaramar libarba, mai wani ɗan gwangwani mai ramuka wanda ke juyawa yana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya. Faɗin harsashinta bai kai milimita shida ba. Abin da ke tayar da wutarsa yana cikin gefen gindin kwanson, sabo da haka tilas kwanson ya zama maras kauri, albarushinsa kaɗan. Wannan shi ne dalilin araharsa. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fitar da irin wannan libarba mai harsashi bakwai cikin 1857, kuma a shekarun nan akan sami waɗansu a kantunan ƙasar a ƙasa da dala 200. A can ana amfani da ita wajen koyon harbi, da gasar auna bara, da kashe ɓera ko maciji a gona, da harbin ƙananan namun daji kamar zomo. Ba ta da ƙara mai yawa, ba ta kuma girgiza hannu, har yaro ma yana iya riƙe ta.

Amma Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da irin wannan libarba aka harbe Sanata Robert Kennedy cikin watan Yuni 1968, yana neman takarar shugabancin Amurka, ya mutu washegari. Da irinta kuma aka harbi Shugaba Ronald Reagan ran 30 ga watan Maris 1981. Maharbin ya saye ta a ƙasa da dala 50, ya saki harsashi shida cikin ƙiftawar ido, ya jikkata mutum huɗu. Harsashi ɗaya ya tsaya a huhun shugaban, dab da zuciyarsa, sakatarensa na watsa labarai, James Brady, kuwa ya nakasa har ƙarshen ransa. Watau dai ƙanƙantar harsashi tana rage kuɗinsa ne kawai, ba ta hana shi ɗaukar rai.

Shi kuwa rai, Shari'a ta riga ta faɗi nauyinsa. A littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, diyyar Musulmi namiji ita ce raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari 1,000 ya kai nauyin kilo huɗu da kwata na zinariya. Wannan fa diyyar kuskure ce, wadda dangin mai kisan za su taru su biya cikin shekara uku, shi kuma ga kaffara a wuyansa, wadda a wannan zamani ita ce azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. Ayar da ke biye da ita kuwa ta yi wa mai kashe mumini da gangan alkawarin Jahannama da fushin Allah da la'anarsa. Duk wanda zai taya bindiga, to, ya ɗora wannan lissafi a kan kuɗin da aka yi masa sallama, sa'an nan ya duba ko har yanzu tana da araha.

Wani zai ce, ai Musulunci ya halatta wa mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa. Gaskiya ne, babu mai musun haka. Ya inganta a hadisi cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma malaman Malikiyya sun yarda a yaƙi ɗan fashi, bayan an yi masa gargaɗi an gama shi da Allah, in da halin yin haka. Sai dai halaccin kare kai bai tabbatar da cewa kowane makami yana karewa ba. Masu satar mutane kan zo ne a ƙungiya, da bindigogin yaƙi masu cin harsashi 30, waɗanda ke kai wa nesa. Mai 'yar libarba a gabansu bai tsira ba, sai dai ya ba su dalilin buɗe wuta a cikin gida mai mata da yara.

Bugu da ƙari, ɓarawo yana iya zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum, yana iya ƙin zuwa sam, amma bindigar tana nan ƙarƙashin matashi kowace rana ta Allah. Tana nan ranar da mai gida ya fusata da matarsa, tana nan ranar rikicin iyakar gona ko rabon gado, tana nan ranar da shanu suka shiga gero, tana nan kuma ranar da yaro ya ɗaga katifa yana neman abin wasa. Faɗan da a da zai ƙare da zagi ko sanda, a kai shi gaban mai unguwa a sasanta, yanzu sai ya ƙare a maƙabarta. Domin haka ne Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa. Ya umurci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu, ya kuma hana a miƙa wa juna takobi a zare. In an yi wannan tsanani a kan kibiya da takobi, ina ga abin da yatsa ɗaya ke tayarwa?

Ga kuma dokar ƙasa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka irin ta mafarauta, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta ta zamani, lasisinta yana hannun Sufeto Janar. Libarba kuwa, kome ƙanƙantarta, an sa ta cikin makaman da aka haramta, tare da na soja, ba mai ba da izininta sai Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara goma ba. Ma'anar wannan ita ce talaka ba shi da wata halattacciyar kasuwa da zai same ta. Sai dai ta hannun ɗan fasa-ƙwauri, ga shi kuwa ƙasar Daura ta yi iyaka da Jumhuriyar Nijar ta Kongolam da Mai'aduwa da Zango da Baure, kuma tun rushewar gwamnatin Libiya cikin 2011 makamai suka barbazu cikin Sahara. Ɗan fasa-ƙwaurin da ya sayar wa mutumin kirki da safe, shi ne zai sayar wa ɗan fashi da yamma, kuɗin mutumin kirkin kuma su ne jarinsa. Malamai sun hana sayar da makami a lokacin fitina, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, domin toshe hanyar ɓarna, kuma aya ta biyu ta Suratul Ma'ida ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare haddi. Mai saye ba zai wanke hannunsa daga cinikin da shi ya raya shi ba.

Duk da haka ba adalci ba ne a ce wa mutumin ƙauye ya ajiye makami, sa'an nan a bar shi a hannun azzalumai. Tsaron rayuka amana ce a wuyan shugabanni, za a kuwa tambaye su a kanta. Idan jama'a za su riƙe makami, to ya zama da izini, da horo, da rajista, da shugaban da za a tuhuma in an yi ɓarna, kamar yadda aka nufa da rundunar tsaron al'umma da Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa cikin watan Oktoba 2023. Ita ma wannan runduna wajibi ne a sa mata ido, don kada mai gadi ya zama abin tsoro. Mutanen Daura sun san labarin Bayajida, wanda aka ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa makamin da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Abin da ya sa ake tunawa da makamin nan shi ne ya buɗe wa gari duka hanyar ruwa, mai shi kuma ya bayyana a gaban Sarauniya ya amsa abin da ya aikata. Makamin da ake ɓoyewa daga hukuma da maƙwabta, ba wanda zai amsa laifinsa sai bayan an zubar da jini.

Allah ya zaunar da ƙasar Daura da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, ya tsare hannuwan bayinsa daga jinin juna. Allah shi ne Mafi sani.