Mai Ziyarar Mai Jego, Ita Wa Ke Sauraronta?

 

Ya ku 'yan'uwa mata, a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya da ungozomomi da 'yan sa-kai masu shiga gida-gida duba mai jego da jaririnta. Aikin lada ne, amma fa akwai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa. Mai ziyara kan tarar da uwa tana kuka, ko jaririn ma ba ta son kallo. Ta fito da abin a ƙirji, ba wanda za ta faɗa wa. Yau da gobe sai ta fara shakkar kanta: anya na iya aikin nan kuwa? Daga nan sai gajiya, sai faɗa da masu jego, ko ta ajiye aikin gaba ɗaya.

A Amurka, a jihar Mishigan, wata masaniya mai suna Selma Fraiberg ta fara irin wannan ziyara a farkon shekarun 1970, don gyara shaƙuwar uwa da jariri. Masu aikin a can sun riƙi wata ɗabi'a: mai ziyara tana da lokaci tsayayye, duk mako ko mako biyu, da take zama da wata wadda ta fi ta ƙwarewa. Ba duba rajista ake yi ba, ba kuma neman laifi ba. Tambayarta ake yi: me kika gani, me kika ji a ranki, me kike ganin jaririn ke buƙata? Hikimar ita ce, wadda aka saurara da natsuwa ita ke iya sauraron uwa, uwar da aka saurara kuma ita ke iya rarrashin ɗanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Lokacin da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, Manzon Allah (SAW) ya dawo gida a firgice. Nana Khadija (RA) ta lulluɓe shi har ya natsu, ta saurare shi, ta tuna masa kyawawan halayensa na sada zumunci da taimakon raunana, sannan ta kai shi wurin Waraƙatu bin Naufal mai ilimi. Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Allah Ya ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. To, ina ga ni da ke? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka, shugabannin rassa, ku ware wa masu ziyara lokaci, ku haɗa kowacce da babbar da za ta saurare ta ba tare da tsawa ba. Sai dai a kiyaye: sirrin gidan mutane amana ne. Abin da aka tattauna ya tsaya a ɗakin, in ba haka ba shawara ta koma gulma. In aka ga ciwon uwa ya yi tsanani, a gaggauta kai ta asibiti.

Ke kuma mai ziyara, neman shawara ba gazawa ba ne, ta nan ƙwarin gwiwa ke zuwa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya saka wa masu hidima da alheri.